Ɗan Amshin Lauwali

A Sabiyal ta ƙasar Aliero, idan mutum ya ce yana neman Magaji sai an tambaye shi wanne, domin masu sunan suna da yawa. Amma da ya ce Magaji Amshi, kowa zai nuna masa gidan. Dogon mutum ne marar jiki, mai ɗan ranƙwafawa a kafaɗa, wanda ba a cika jin muryarsa a majalisa ba. Manomin albasa ne kamar ubansa da kakansa, kuma da albasa ya ci da iyalinsa har ƙarshen ransa. Sai dai shekarun ƙarfinsa duk a bayan wani mutum ya yi su, yana karɓa masa waƙa. Mutumin shi ne Lauwali na Kuberi, mawaƙin noma, wanda a zamaninsa babu wata babbar gayya da za a yi tsakanin Jega da Maiyama ba a aika masa da goro ba.

A gona suka haɗu. Magaji yana saurayi, ko aure bai yi ba, wani babban manomi a Sabiyal ya kira gayyar noman gero, ya ɗauko Lauwali da makaɗansa. Ranar 'yan amshi biyu kaɗai suka biyo shi, ɗayan ma mura ta shaƙe shi. Magaji yana cikin masu noma, a duƙe da hauya can gefen gona, yana karɓa waƙar don kawai aikin ya yi masa sauƙi. Da aka tashi shan fura, sai ga Lauwali yana ratsa mutane yana duban fuskoki, har ya zo ya tsaya a kansa. Magaji ya zaci faɗa za a yi masa, ya ajiye ludayi ya durƙusa.

"Kai na ka karɓa mani daga can?" in ji Lauwali. "Kana shigowa da garaje. Ka riƙa bari in aje numfashi tukuna. Gobe muna Aliero."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya juya ya koma wurin makaɗansa.

Mahaifin Magaji bai so ba. Ya ce ba a taɓa yin roƙo a gidansu ba, sannan wa zai yi masa ban-ruwan albasa? Sai da Lauwali ya tako da kansa, ya zauna a zaure, suka yi magana irin ta manya. Aka tsaya a kan cewa damina da kaka Magaji na Lauwali ne, tun da akwai ƙannensa da za su riƙe gonar gero, amma da an fara dashen albasa ya dawo gida. Haka aka yi, kuma ko bayan rasuwar tsohon, Magaji bai sauya wannan tsari ba.

Aikin amshi ba aikin da ake yabo ba ne. Jagora ake kallo, sunansa ake kira, shi ake ba riga da doki. Ɗan amshi nasa shi ne ya tsaya a baya ya riƙe waƙar kada ta faɗi, yayin da maigida yake neman baiti na gaba. Magaji a dama da Lauwali yake tsayawa, ɗan baya kaɗan, idonsa a kan hannun maigidan na dama, domin da wannan hannu Lauwali yake yi wa yaransa magana a tsakiyar kiɗa. Idan ya murza shi a iska, Tamu mai ganga ya san a ƙara zafi ke nan. Idan kuwa ya ɗaga shi ya sauke a hankali, to ya gaji ko waƙar ta kai, a kashe ta.

Lauwali mutum ne mai zafin rai. Bai taɓa ce wa Magaji ya yi ƙoƙari ba, sai dai ya ce ya yi jinkiri ko ya yi gaggawa. Amma shekarar da ƙyanda ta ɗauke wa Magaji da matarsa Hindu ɗansu na fari, da rani ne, albasa na tsakiyar neman ruwa, Magaji ya kasa fita ko ƙofar gida. Wata safiya maƙwabta suka zo suka ce masa akwai baƙo a lambunsa yana jan ruwa. Da ya je, Lauwali ya tarar, ya tuɓe riga ya naɗe wando, yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya da guga. Ya yi kwanaki yana wannan aiki, bai yi wata doguwar ta'aziyya ba, sannan ya koma Kuberi. Tun daga nan Magaji ya daina jiran yabo daga bakinsa.

Shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ita ce shekarar da tauraronsu ya fi haske. Ko'ina ka juya biki ake yi. A Jega aka shirya babban wasa a filin wata makarantar firamare, aka rataye lasifika a kan itatuwa, makaɗa da 'yan kokawa da 'yan wasan kwaikwayo suka zo daga garuruwa. Ranar Magaji ya fara waƙa a gaban makirufo. Da ya ji muryarsa ta fito daga saman dogon-yaro, sai da ya waiga yana neman wanda ya riga shi amshi. Ma'aikatan rediyo suka ɗauki waƙoƙinsu. Rufa'i, wani mai rumfar sayar da kaset a kasuwar Jega, shi ma ya ɗauka, kuma ba a jima ba direbobin da ke kai albasa kudu suka riƙa tafiya da muryar Lauwali a cikin motocinsu. Hindu takan ƙure rediyo idan an sa su, ta ce wa matan maƙwabta su saurara, waccan muryar da ke ƙasa, mai kauri, ta maigidanta ce. Matan su ce sun ji, ko da ba su bambance ba.

Waƙar da aka fi so ita ce ta Sarkin Noma Ya'ƙub na Maiyama. Lauwali zai ɗaga murya ya ce, "Ina mazan da rana ba ta kora gida?" Su Magaji su karɓa, "Ga su cikin kunya, ba su ɗaga kai ba." Idan aka zo nan, ko ragon manomi sai ya ƙara dannawa da hauya.

Ba a yi shekaru da yawa ba abin ya faru. Suna wata gayyar maimai a gefen Maiyama, rana ta take, Lauwali ya ɗauko baiti ya kai rabi, sai kalmomin suka cakuɗe a bakinsa. Magaji ya ga hannun nan na dama ya faɗi gefe kamar an yanke igiyar da ke riƙe da shi. Lauwali ya zauna a kan kunya yana duban mutane, bakinsa ya karkace. A amalanken shanu aka fitar da shi bakin titi, daga nan aka kai shi asibiti a Jega, aka wuce da shi Birnin Kebbi. Likitoci suka ce hawan jini ne. A ƙauye wasu suka ce jifa ce ta abokan sana'a, aka yi ta rubutu da turare. Da aka dawo da shi Kuberi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa. Ko ruwa aka miƙa masa, ko gaishe shi aka yi, ko tambayarsa aka yi inda ke masa ciwo, sai ya ce, "To."

Yaran Lauwali suka watse. Tamu ya rataye ganga ya karɓi babur yana kabu-kabu tsakanin Maiyama da ƙauyuka. Sauran 'yan amshin, wani ya bi motocin albasa, wani ya koma bayan wani mawaƙi a Jega. Mutane suka ce Magaji ya gaji maigidansa mana, tun da babu waƙar da bai haddace ba. Ya gwada sau ɗaya, a wata gayya a Sabiyal. Bai manta ko kalma ɗaya ba, muryarsa kuma ba ta gaza ba, amma manoman suka yi ta aikinsu kamar rediyo aka kunna musu. Babu wanda ya yi kururuwa, babu wanda ya tsere wa ɗan'uwansa a kunya. Da ya dawo gida ya ce wa Hindu shi ba mai ɗauko waƙa ba ne, mai riƙe ta ne, kuma bai sake karɓar goron kowa ba.

Abin da bai bari ba shi ne zuwa Kuberi. Duk ranar kasuwar Jega, idan ya gama abin da ya kai shi, sai ya wuce. Tamu yakan ɗauke shi daga Maiyama idan sun haɗu. Yakan tarar da Lauwali a zaure a kan tabarma, an jingina shi da bango, Barakatu matarsa ta rufa masa mayafi a ƙafa. Magaji ya yi masa aski, ya yanke masa farce, ya ba shi labarin kasuwa da wanda ya mutu da wanda ya aurar da ɗiya. Lauwali ya yi ta kallonsa, wani lokaci ya ce to.

Wata rana yana cikin yi masa aski, hankalinsa ya tafi wani wuri, sai ya ji kansa yana rera amshin waƙar Sarkin Noma a hankali. Yana rufe baki, sai ya ji murya a ƙarƙashin hannunsa ta ɗauko baiti na gaba. Muryar ta dushe, bakin kuma a karkace, amma kalmomin sun fito ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta ɓace. Magaji ya ajiye aska a kan tabarma, ya sake karɓawa. Lauwali ya sake ɗaukowa. Barakatu ta fito daga cikin gida da gari a hannunta, ta tsaya a bakin ƙofa har suka kai ƙarshe. Sannan ta durƙusa a gaban mijinta ta kira shi, ta ce ya faɗi sunanta. Ya dube ta, ya ce, "To."

Magana ba ta dawo ba, amma waƙa tana nan. Duk zuwan Magaji sai sun yi biyu ko uku a zaure, ba ganga, ba 'yan kallo. Lauwali ba ya iya farawa da kansa, kuma ba ya iya ƙara sabon abu, sai dai idan amshi ya zo, baitin da ke biye yakan fito kamar an ja shi da zare. Barakatu ta ce ranar da Magaji ya zo maigidan yakan cinye tuwonsa, ya yi barci mai nauyi. Magaji kuwa yakan koma Sabiyal yana jin kamar an sauke masa kaya.

Daga nan tunanin ajo ya shige shi. Ajo shi ne wasan da ake shirya wa makaɗi, 'yan'uwansa makaɗa da masoyansa su taru, a yi kiɗa, kowa ya taimaka da abin da ya samu. Gidan Lauwali yana bukatar taimakon, domin magani ya cinye shanun huɗa. Amma ba wannan kaɗai ke ran Magaji ba. Yana so mutanen da suka riga suka yi wa Lauwali jana'iza a bakinsu su ji shi da kunnensu. Kuma shi kansa yana kewar tsayuwar nan a bayan maigidansa, ganga na tashi, ko da yake wannan bai faɗa wa kowa ba.

Wanda ya ƙi shi ne Ismail, babban ɗan Lauwali, ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma a Maiyama. A hannun Magaji ya girma, kuma bai taɓa yi masa musu ba sai ranar.

"Baba Magaji, ba ni son a mai da ubana abin kallo," ya ce.

Magaji ya ce ba kallo ba ne. Mutumin nan da waƙa ya tashi, da ita aka san shi, a bar shi ya ji mutane sun karɓa masa ko da sau ɗaya ne kafin ta Allah ta kasance. Da gardamar ta yi tsawo, sai ya ce a tambayi mai abin. Ya durƙusa a gaban Lauwali ya ce, "Maigida, mu yi maka ajo a Jega?" Lauwali ya dube shi, ya dubi ɗansa, ya ce to.

"Ko cewa kay yi mu kai shi daji mu bari, to za shi cewa," in ji Ismail.

Aka juya ga Barakatu. Ta ce ita dai ta ga kamar idonsa ya yi haske da aka ambaci Jega, amma ba za ta rantse ba. Dattawan Kuberi suka goyi bayan Magaji, suka ce ajo ba abin kunya ba ne ga makaɗi. Ismail ya bar su, ba don ya yarda ba.

Magaji ya yi ta zirga-zirga har kaka ta shigo. Ya bi makaɗa gida-gida da goro, ya lallashi Tamu ya sauko da ganga ya sake mata fata. Rufa'i mai kaset ya ɗauki nauyin lasifika. A lokacin harkarsa ta buɗe, ya sayi na'urar ɗaukar bidiyo, ya kuma buɗe ɗakin kallo a bayan kasuwa, don haka ya ce zai sa a ɗauki wasan. Magaji bai ga laifin haka ba.

Aka yi ajon da la'asar a filin nan da suka yi wasan sabuwar jiha. Mutane sun zo fiye da yadda aka zata, har da waɗanda suka tako daga Aliero da ƙauyukan Maiyama. Sauran makaɗa suka fara, kowa ya yi nasa. Sannan aka sauko da Lauwali daga a-kori-kura a kan kujera, cikin babbar riga da hula, aka ajiye shi a tsakiyar fili, aka saita masa makirufo a baki. Wurin ya yi tsit. Magaji ya tsaya inda ya saba, a dama, ɗan baya kaɗan. Ya dubi hannun da ya yi shekaru yana bi, ya gan shi a kwance a kan cinya ba ya motsi. Tun da babu abin da zai kalla a nan, sai ya rufe ido, ya ba Tamu alama da kai, ya ɗauko amshi.

Lauwali ya shigo. Muryarsa ta fito daga lasifika ta cika filin, tsofaffi suka fara share hawaye. Waƙar Sarkin Noma Ya'ƙub ce, shi kuwa Ya'ƙub ya rasu a daminar da ta wuce, 'ya'yansa suna wurin. Da suka ji sunan mahaifinsu a wannan bakin, suka taso suna yi wa Lauwali liƙi a goshi, jama'a suka biyo su har suka kewaye kujerar, suka shiga tsakaninsa da mai ganga. A da, idan waƙar ta zo ƙarshe, Lauwali yakan shiga kiran sunayen waɗanda ke wurin, sannan ya kashe. Yanzu ba shi da sabon suna ko ɗaya. Da ya kai baitin ƙarshe amshi ya sake zuwa, sai ya koma farko. Ya kai ƙarshe ya sake komawa. Muryar ta fara tsagewa, miyau yana zuba a kan rigar, gumi ya jiƙa hular. Daga can baya wasu samari suka fara dariya. Magaji bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Idonsa a rufe, jikinsa na rausaya, yana jin daɗin da ya yi shekaru bai ji ba. Sai da ya karɓa ya ji babu wanda ya ɗauko, sannan ya buɗe ido. Ismail ne ya ture makirufo, ya sunkuci mahaifinsa kamar jariri yana ratsa mutane da shi.

Magaji ya bi su har bakin mota. Ismail bai ɗaga murya ba.

"Baba Magaji, ya isa. Kada ka koma taka mana gida."

Magaji ya koma Sabiyal yana ganin an zalunce shi. Ya ce wa Hindu wasa ya yi kyau, mutane sun yi kuka, abin da aka tara kuma Tamu ya kai wa Barakatu. Ya ce boko ne ya sa yaron yake jin kunyar sana'ar ubansa. Hindu ta ce ya yi haƙuri, zuciya ce, za ta sauka. Ya shiga dashen albasa da wannan fushi, ya yi makonni bai nufi Kuberi ba.

Wata ranar kasuwa da rana, yana wucewa ta bayan kasuwar Jega, ya ji gangar Tamu na fitowa daga ɗakin kallon Rufa'i. Rumfa ce ta langa-langa da aka toshe kafofinta da buhuna, janareto na ƙugi a waje. Tsakanin fim ɗin Indiya da na 'yan Cana ake sa kaset ɗin ajon, kuma an ce yana jan mutane. Magaji bai taɓa shiga irin wurin ba. Ya biya a ƙofa kamar kowa, ya sami ƙarshen benci a baya ya zauna, yana so ya ga abin da zai kafa wa Ismail hujja da shi.

Mai ɗaukar hoton a hagu da Lauwali ya tsaya. Saboda haka abin da ya fi fitowa a talabijin ɗin shi ne ɓarin da ke da rai. Magaji ya ga maigidansa ya yi zagayen farko na waƙar, fuskarsa a sake. Da aka kai baitin ƙarshe, sai ya ga hannun hagu ya tashi daga kan kujera, ya yi sama, ya sauka a hankali. A bayansa ga wani dogon mutum, ido a rufe, yana murmushi, ya sake jefo amshi, bakin Lauwali kuma ya buɗe ya bi. Aka zagayo, hannun ya sake tashi ya sauka. Ya yi ta tashi yana sauka, tun yana yi a hankali har ya koma yana bugun hannun kujera. Lauwali yana ƙoƙarin juyo da wuyansa dama, wuyan ba ya zuwa. Wanda ke zaune kusa da Magaji a benci, bai gane shi ba saboda duhun rumfar, ya taɓa shi ya ce wancan dogon na baya ya iya amshi ƙwarai.

Magaji bai jira ƙarshe ba. Ya fita ya nemi Rufa'i ya roƙe shi ya daina sa kaset ɗin. Rufa'i ya ce zai daina a nasa ɗakin, amma an riga an kwafa, wasu sun tafi Maiyama, wasu Birnin Kebbi, ba shi da yadda zai dawo da su.

Bai koma gida ba ranar. Ya hau mota zuwa Maiyama, ya zauna a gindin wani icce a bakin sakatariya har aka tashi aiki. Da Ismail ya fito ya gan shi, ya so ya wuce, amma ya kasa. Magaji ya faɗa masa abin da ya gani, da ma'anar wannan hannu, bai rage komai ba. Ya ce maigida ya yi ta roƙon a tsaya, shi ne bai duba ba. Ismail ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce shi ma ya kalli kaset ɗin, kuma ranar ma yana tsaye a gaban mahaifinsa ya ga hannun, ya ɗauka bin ganga yake yi. Da ya san abin da ake nufi da tun zagayen farko ya ɗauke shi. Sannan ya tayar da babur ya ce, "Hau, Baba."

Suka tarar da Lauwali a kwance a ɗaki, ya rame. Magaji ya durƙusa a gefen hagu, ya kama hannun, ya nemi gafara da kalmomi kaɗan. Lauwali ya dube shi tsawon lokaci. Bai janye hannun ba, bai kuma matse ba. Magaji ya yi ta neman wata alama a fuskar, bai sami abin da zai riƙe ba.

Ya koma zuwa kamar da, yana aski, yana yankan farce, yana ba da labarin kasuwa, amma bai sake rera komai ba. Bayan wasu watanni Barakatu ta tare shi a zaure, ta ce maigidan ya rage cin abinci, ko zai gwada yi masa waƙa a hankali kamar yadda suke yi kafin ajo. Magaji ya ce yana tsoro. Ta ce ita ma tana tsoro, amma zaman shirun nan ma ba ta ga yana yi masa amfani ba. Sai ya zauna ta hagu, inda zai ga hannun sosai, ya ɗauko amshin wata ƙaramar waƙa da suke yi a hanya idan sun taso daga gayya. Ya kai ƙarshe ya dakata. Lauwali bai shigo ba. Hannun ma bai motsa ba. Magaji ya sake gwadawa sau ɗaya, ya bari. Ko waƙar ce ita ma ta tafi, ko kuwa Lauwali ne ya ƙi, babu wanda ya sani, kuma wannan tambaya ta zauna wa Magaji har tsufansa.

Lauwali ya rasu a farkon daminar da ta biyo. Tamu ne ya zo Sabiyal da babur ya ɗauki Magaji, suka iso ana shirin sallah. Ismail ya ja shi ya sa shi cikin waɗanda suka shiga kabari.

Bayan haka Magaji ya koma ga albasarsa ɗungurungum. Da siyasa ta dawo, 'yan takara suka riƙa neman tsofaffin makaɗa, aka zo masa har gida, ya ce ya bari. Idan an sa tsohuwar waƙarsu a rediyo ba ya hana Hindu saurare, sai dai ya ɗauki butarsa ya fita. Ya aurar da 'ya'yansa, ya yi jikoki, idonsa ya fara rauni, amma yana zuwa lambu har shekararsa ta ƙarshe. Duk kaka Ismail yakan aiko masa da damman gero daga gonar Kuberi, shi kuma idan an cire albasa ya zaɓi manya ya aika wa Barakatu. Shi da Ismail sukan haɗu a suna ko jana'iza su daɗe suna hira, ba su ƙara tayar da maganar ajo ba.

Da Magaji ya rasu, bayan gajeruwar jinya da zafin bazara, Ismail ya zo daga Maiyama tun kafin a fito da gawa. Bai zauna cikin baƙi masu ta'aziyya ba. Ya shiga sahun 'ya'yan gida a kan tabarma, yana karɓar gaisuwa tare da su, har aka yi addu'ar uku.